Ƙofar da Na Yanka wa Maharbi

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar, littafin da na aro a laburare yana buɗe a ƙirjina. Hotuna ne na masu zanen Italiya na zamanin da, waɗanda ke sassaƙa tatsuniyoyin Girkawa a farantin tagulla, su shafa tawada, su danna a takarda. Ina cikin kallon wani maharbi da aka la'anta ya fara rikiɗa barewa, idona ya yi nauyi.

Sai ga ni a daji, ƙasarsa tagulla, itatuwansa siraran layuka. Maharbin yana gudu, ƙaho yana fasa goshinsa. Karnukansa ne suka cim masa. Wani ya kafa haƙori a cinyarsa, wani ya farke masa ciki, baƙar tawada ta yi tsartuwa har fuskata. Yana kiransu da sunayensu, amma kukan barewa ke fita.

Sama ta sauko, ashe farar takarda ce, ta danne mu har ƙasusuwana suka yi ƙara. Tana ɗagawa maharbin ya miƙe garau, karnuka suka sake taso masa.

Wata tsohuwa ce ke juya sandar injin da ke danna takardar, rabin fuskarta ba a gama zanawa ba.

"Iya, don Allah ki bari!"

"Ni ce Maimaici, 'yar nan. Bugu ɗari biyar aka ce, yanzu muka yi na tara."

"Laifin me ya yi?"

"Kallon abin da bai kamata ya gani ba. Ke me kike yi ɗazu?"

Ta jefo min ƙarfen sassaƙa. "In tausayin gaske ne, yi masa ƙofa."

Na durƙusa. Karnukan suna hagu, don haka na yanka ƙofa a dama. Tagullar tana ihu, ƙarfen ya zame ya tsaga min yatsa, ban tsaya ba.

"Malam, dama! Komai rintsi ka bi dama!"

Ya dube ni da idon mutum, ya gyaɗa ƙahonsa.

Takarda ta sauko, ta ɗaga da mu manne a jikinta. Wayyo, na manta! Abin da ke dama a faranti, hagu yake fitowa a takarda. Ƙofata ta koma hagu, karnuka suka dawo dama. Shi kuwa maganata ya riƙe. Da ƙafarsa ya ruga cikin bakunansu, suka raba shi biyu.

"Goma," in ji tsohuwa.

"Ke Hansatu! Wa kike ba haƙuri haka?"

Goggo ce ke jijjiga ni. Na tashi zaune. Ina ta duban hannuwana, na kasa gane wanne ne dama.