Jiran Clarrie a Ƙofar Baya

A gidan tsofaffin da ke bakin garinmu, daura da kasuwar tumaki, ba a cewa wani ya mutu. Sai dai ka gama shan shayin safe, ma'aikaciya ta leƙo da fara'ar dole ta ce, "Za mu goge ƙasa, a ɗan zauna a ɗaki," ta ja maka ƙofa. Kowa ya san irin ƙasar da ake gogewa. Kana zaune gado mai taya zai wuce da gawar, ya bi ta ɗakin wanki, ya fita ta ƙofar baya inda ake tara shara. Da rana a janye kujerar mamacin daga teburin cin abinci, magana ta ƙare. Wai don kada a tayar wa tsofaffi da hankali, sai ka ce mutanen da suka binne iyaye da mata da 'ya'ya ba su taɓa ganin gawa ba.

Merv Tregear ya tsani wannan al'ada. Shi da Clarrie Dunstan tare suka yi ƙuruciya suna yawon aske gashin tumaki daga wannan gona zuwa waccan, rayuwa ta raba su, tsufa ya sake haɗa su a tebur ɗaya. Matar Merv ta rasu, 'yarsa tana can birnin Perth mai nisa, sai Kirsimeti take tunawa da lambar wayarsa. Clarrie ko wannan bai samu ba. Aikinsu kullum sauraron tseren dawaki a rediyo da zagin juna.

Ranar da aka fitar da wata tsohuwa mai suna Beryl, Clarrie ya ture farantinsa gefe.

"Ka gani ko? Ita da ɓawon dankali, ƙofa ɗaya."

"Kai ma can za ka bi, tsohon banza," in ji Merv. "Da wannan tumbin naka sai sun ɓalle ƙyaure."

Clarrie bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya cokali a hannu, sannan ya ce, "Merv, in na riga ka, ka tsaya mini a wurin. Ba na son in fita ba kowa sai ƙudaje."

"Zan tsaya mana. Ko don in tabbatar ka tafi."

Da wasa ya faɗa, amma a ransa ya ɗauki alkawari. Washegari ya tura keken dogarawarsa har ofishin Narelle, shugabar gidan, ya zazzage mata abin da ke cikinsa. Ta ƙofar gaba suka shigo, har da furanni a kan tebur, don me za a fitar da su kamar tsohuwar katifa? Narelle ta saurare shi da murmushin nan na masu ofis, ta ce, "Na gode, Mista Tregear, za mu duba." Merv ya sha jin wannan amsa. Ita aka ba shi lokacin da na'urar ƙara ji ta kunnensa ta bi wanki a aljihun riga ta lalace, ga shi har yau bai ga sabuwa ba. Ya fito yana tsaki. Sela, ma'aikaciya 'yar ƙasar Tonga da ke taya shi wanka, tana bakin ƙofa da tulin tawul, ta ji komai.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Wata safiya Merv ya zo karin kumallo ya tarar da kujerar Clarrie ba kowa. Ya tari wata sabuwar ma'aikaciya, cikin 'yan hayan da ake aikowa yau a ɗauke gobe.

"'Yan mata, ina mutumina?"

"Ka yi haƙuri, Baba, ba ma maganar lafiyar wani sai da danginsa."

"Dangi? Ni ne danginsa, ni ne maƙiyinsa, ni ne komai!"

Ta wuce da butar shayi. Can nesa ya hango Sela ta fito daga ɗakin Clarrie, idanunta jawur, ta nufi ofis da sauri. Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Bai ɓata lokaci ba, domin ya san da zarar an kwashe kofuna za a fara rufe ƙofofi, kuma in aka rufe shi a ɗaki ya karya alkawari ke nan.

Ya lallaɓa. Masu wanki sun tafi shan shayi, injina suna ta ruri su kaɗai. Ya ratsa tsakanin kwandunan zannuwa, ya danna ƙarfen ƙofar baya da kafaɗa, ya fita. Ƙofar ta rufe kanta. Ya ja keken nasa gefen manyan durom-durom na shara inda ba za a hango shi a kora ba, ya zauna a kan kujerar keken, ya gyara wuyan rigarsa.

Rana ta ɗaga. Wurin yana warin ruɓaɓɓen kabeji, ƙudaje suna bin fuskarsa. Ya shirya abin da zai faɗa in gadon ya fito: zai dafa ƙarfen ya ce, "To, ɗan iska, ga ni." Iyakarta ke nan, Clarrie ba ya son dogon surutu. Ya maimaita a ransa har kalmomin suka fita hayyacinsu. Gumi ya jiƙa masa baya, gwiwoyinsa suka sage, maƙogwaro ya bushe. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan zama ba, ko a ranar da ya koma gida daga binne matarsa. Duk da haka ko gezau. Masu ɗaukar gawa dai ba su san sauri ba, haka ya riƙa gaya wa kansa.

Inuwar durom ta tsuke har ta bar ƙafafunsa a rana kafin ƙofar ta buɗe. Ya yunƙura zai miƙe. Sela ce, ita kaɗai, tana haki.

"Baba Merv! Wayyo, nan kake? Mun birkice gidan nan muna nemanka, har bakin titi aka je. Kiran duniya mun yi maka!"

"Ban ji ba. Matsa, yarinya, kin tare hanya. Yanzu za su fito da shi."

Sela ta durƙusa a gabansa, ta kama hannayensa. Ta kawo bakinta kusa da kunnensa, domin dole ta ɗaga murya, kuma wannan ba maganar da ake ɗaga wa murya ba ce.

"Ya tafi, Baba. Ta ƙofar gaba. Na je na tuna wa Narelle maganarka, ta yarda. Ba a rufe ƙofar kowa ba. Muka jeru, mu da masu girki da duk wanda ya iya tsayuwa. An ajiye maka wuri a gaba. Mun roƙi masu motar gawa su jira, sun jira, amma suna da wata gawar a asibiti."

Merv ya dube ta kamar bai gane harshen ba.

"Ta gaba?"

"Ta gaba. Saboda kai."

"Wa ya yi masa magana?"

Sela ta sunkuyar da kai. "Ba wanda ya san abin da zai ce. Mun dai yi shiru."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya so ya yi murna, ya kuma san akwai abin murna, amma ya lalubi zuciyarsa bai same ta ba. Mutanen da ba su san Clarrie ya taɓa riƙe almakashi ba su suka raka shi, shi kuwa yana nan yana gadin shara. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Na ce masa zan tsaya, Sela."

"Ai ka tsaya, Baba."

"Na tsaya," ya ce. "Shi dai bai gan ni ba."

Ta taimaka masa ya miƙe. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sai da ta koma ciki neman keken guragu, ta bar shi zaune a wurin.