Agogunan da Suka Bi Zuciyar Mai Gyara

Shagon Mai Agogo bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, a ƙarƙashin matakalar wani bene. Tebur, hantsaki, gilashin ido ɗaya, sai agogunan mutane rataye a ƙusoshi, irin na dā da ake murɗa musu wani da hannu. Yana da wata hanya da ya gada wajen maigidansa: idan ya gyara agogo, sai ya kara shi a kunne, ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannunsa, ya saurari biyun tare. Bugun jininsa ne ma'auninsa, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Da maƙoƙo ya girma masa a wuya har haɗiya ta gagara, aka yi masa tiyata aka cire shi duka. Aka sallame shi da ƙananan ƙwayoyi farare. Ya sha har kwalbar ta ƙare. Ya duba madubi, ya ga tabon ya kwanta kamar zare, ya ce aiki ya yi kyau. A saninsa, in an cire ɓataccen ƙarfe an rufe murfi, gyara ya ƙare. Bai koma asibiti ba.

Sannu a hankali sai duniya ta fara sauri. Yana sa rigar sanyi ana zufa. Fuskarsa ta kumbura, gashin girarsa ya zube, murya ta koma kamar daga cikin rijiya. Bai ji ciwo ba, bai ji komai ba ma. Abu ɗaya ya lura: duk agogon da aka kawo gudu yake yi. Sai ya riƙa rage musu gudu.

Wani direban bas ya dawo da nasa, ya dangwarar a tebur.

"Tsoho, agogo na kawo maka ko kunkuru? Jiya sai da fasinja suka tashe ni!"

"Gudu yake yi, ɗana. Na saita shi."

"Gudu? Ko kakata ta fi shi sauri, ga ta da sanda!"

Mai Agogo ya dube shi, ya nemi haushi a ransa bai samu ba. Bayan direba wasu suka zo, kowa ya cire nasa daga ƙusa ya tafi.

Autarsa ce ta same shi wata rana da hantsi yana gyangyaɗi, gilashin na maƙale a idonsa.

"Baba, ina ƙwayoyinka?"

"Ai sun ƙare tuni, Auta. Na warke."

"Ka warke? Tashi mu tafi. Ɗauko hularka."

A asibiti, likita ta riƙe wuyan hannunsa, daidai inda shi yake riƙewa, ta daɗe tana kallon agogonta.

"Baba, abin da aka cire maka shi ke gaya wa zuciya saurin da za ta yi. Yanzu ƙwayar ce a madadinsa, kullum da safe, har ƙarshen rai. Zuciyar ta wahala, bugunta ya ragu. Za mu riƙa auna jininka, ana ƙara maganin ana ragewa."

"Za ta koma yadda take?"

"Za ta gyaru. Amma kar ka ƙara saita komai da ita."

Ya gyaɗa kai kamar labarin wani ake ba shi.

Da suka koma shago, agogo uku ne suka rage a bango, dukansu a baya, suna tafiya tare. Ya kara ɗaya a kunne. Yatsunsa suka nufi jijiyar da kansu, ya tsayar da su a hanya, ya ajiye hannun a tebur.

"Auta, ara min wayarki."

Ta jingina ta da gwangwanin sukurori. Ya buɗe murfin agogon, yana kallon lambobin lokaci da ke canjawa a fuskar wayar ba tare da wani sauti ba.