Birki Na Biyu

Shekara ashirin da bakwai Malam Birki ya yi yana koyar da tuƙi. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Da ciwon gwiwa ya matsa masa, ya ajiye aikin, ya sa motar a kasuwa. Motar koyarwa birki biyu gare ta, ɗaya na ɗalibi, ɗaya a gefen malami. Bakanike ya kwance abin taka birkin da ke gefen malami, ya ce sandar da ke ƙarƙashin kafet sai an yanke ta da walda. Malam ya ce a bar ta, wa zai kula da ita? Gaskiyar magana zuciyarsa ce ba ta so a kai wa motar wuta.

Wani saurayi mai shagon wayoyi ne ya saya. Ya zagaya motar sau biyu, ya doki taya da ƙafa kamar yadda waɗanda ba su san mota ba suke yi, suka sa hannu a takardar ciniki, kowa ya kama gabansa.

Bayan sati uku Mai Wayoyi ya kira.

"Baba, motarka taka birki take yi da kanta. Kanikawa biyu sun duba ba su ga komai ba. Ka san da matsalar ka sayar min."

Malam ya ce mota ba ta da ƙafa. Wannan amsa ba ta gyara komai ba. Kwana huɗu bayan haka takardar lauya ta iso, da hatimi da komai: ko ya karɓi motarsa cikin kwana bakwai, ko su haɗu a kotu. A layi na uku an rubuta cewa ya ɓoye aibi da gangan, kuma wannan zamba ce.

'Yarsa, wadda take aikin sakatariya a wani kamfani, ta karanta takardar a tsaye a falo, ta ninke ta.

"Baba, barazana ce kawai. Ya sa hannu cewa ya gani ya yarda. Daga yau kada ka ƙara ɗaukar wayarsa, komai a rubuce. Kuma don Allah kada ka ce masa ya yi haƙuri. Na san halinka, ko kujera ka yi tuntuɓe da ita sai ka ba ta haƙuri."

Shawara ce mai kyau, ya kuma sani. Amma shi ba kotun ce ta dame shi ba, layi na ukun nan ne. Rabin direbobin unguwar a hannunsa suka koya, bai taɓa sa wa wanda bai iya ba hannu a takardar shaida ba, ga shi yau wani ya buga da inji cewa shi ɗan zamba ne. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya daure kwana biyu, a na uku ya shiga tasi ya nufi shagon.

Mai Wayoyi ya gaishe shi sama-sama, idonsa a kan wata waya da ya farke.

"Yaushe take yin haka?" in ji Malam.

"An fi samun ta da safe, in zan kai Mama asibiti gashin ƙafa."

"In kai kaɗai ne fa?"

Saurayin ya ɗan yi tunani. "Ban lura ba."

"To gobe da ni za a je."

Washegari Malam ya zauna a kujerar baya, abin da bai taɓa yi ba a motar nan. Uwar saurayin, dattijuwa mai ƙaramin jiki, tana gaba da jaka a kan cinya. Kafin su fita daga layin Malam ya gama karantar direban. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a waya, yana bin bayan motar haya kamar an ɗaure su da igiya. Madubi kuwa ado ya ɗauke shi.

Suna dosar mahaɗa, babbar mota ta kunno kai daga dama, saurayin yana ta ciniki a waya. Malam ya ga gwiwar dattijuwar ta miƙe. Mota ta turje, kowa ya yi gaba.

"Ka gani ko, Baba? Ka gani da idonka!"

Ya gani kuwa. Ya tuna da sandar, kunya ta rufe shi.

A asibiti saurayin ya shiga karɓo kati. Dattijuwar ba ta juyo ba ta ce, "Malam, na san ka gani."

"Na gani, Hajiya."

"Tun satin farko na gano sandar nan. Tsoro ne ya sa na dafe ƙafa, sai na ji mota ta saurare ni. Yaron nan shi kaɗai gare ni. In na yi magana sai ya ce Mama ba ki san mota ba. Ban san zai kai ka wurin lauya ba, da na ji kuma na rasa bakin faɗa. Ka rufa min asiri, ka bar min ita."

Malam ya tausaya mata, don ya san wannan tsoro ciki da waje, da shi ya ci abinci shekara ashirin da bakwai.

"Hajiya, ba zai yiwu ba. Ke gaba kawai kike gani. Wata rana za ki taka, tirela tana bayanku."

Da saurayin ya dawo, Malam ya sauko da ƙyar, ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo, ya ɗaga kafet. Ga sandar nan, kanta har ya yi sheƙi.

"Ragowar birkin malami ne. Ni na ce a bari, kuma ban faɗa maka ba. Laifina ne, ka yi haƙuri. Duk wanda ya miƙe ƙafa a kujerar nan zai taka."

Ya ji muryar 'yarsa a kunnensa, amma maganar ta riga ta fita. Saurayin ya dubi sandar, ya dubi takalmin uwarsa, ya dubi fuskarta. Ita kuwa zip ɗin jakarta take ta gyarawa.

Bayan an gama gashin suka wuce gareji, mai walda ya yanke sandar cikin minti goma. Malam ya sa saurayin ya rubuta da hannunsa cewa ya janye ƙorafi, babu zamba a cinikin. Ya karanta sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Abin da ya kawo shi ya samu ke nan.

Yana tsaye yana jiran tasi suka ja mota. Saurayin ya yi baya ba tare da ya duba ba, saura ƙiris ya kwashe wani babur. Ta taga Malam ya hango gwiwar dattijuwar ta miƙe da dukkan ƙarfinta, tana taka wurin da yanzu babu komai. Motar ba ta saurare ta ba.

Ya ɗaga hannu, suka tsaya. Ya buɗe ƙofar gaba.

"Hajiya, koma baya ki huta." Ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ya ja bel. "Kai kuma ba Mama wayar nan ta riƙe. Ƙarfe bakwai kullum za ka zo ka ɗauke ni, har sai na ce ya isa."

"Baba, ai na iya tuƙi."

"Na gani. Mu je."

Saurayin ya miƙa wayar baya, ya kama sitiyari da hannu biyu. Suka fita titi, mahaɗa tana matsowa. Malam ya dafe ƙafa a kafet, babu komai a ƙarƙashinta.

"Birki," in ji shi.

Yaron ya taka.