Kyandiran Lusiya a Ɗakin Duhu

Har yau in na tuna safiyar bikin Lusiyar nan raina ɓaci yake yi. Majken, ɗalibar da muke aiki tare a sashen binciken ƙwaƙwalwa, ta kusa shekara tana kiwon ɓerayen da aka sa wa wani sinadari, wanda ke ƙyalli kore duk lokacin da jijiya ta saki sinadarin dofamin ta aika wa 'yar'uwarta saƙo. Ɓera ɗaya ya rage mata, kuma da hotonsa za ta kammala digirinta kafin wa'adinta ya ƙare da bazara.

Ta yanko ƙwaƙwalwar ɓeran siriri, ta kwantar da ita a ruwan da ke riƙe ta da rai na ɗan lokaci, ta sa a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu mai nuna hoto a allo. Idon na'urar nan ba ya jure haske ko na ashana, shi ya sa ɗakin yake baƙi ƙirin.

"Gunvor, zo ki gani!" ta ce da ni. "Wallahi ya fara!"

Koren ya soma ƙiftawa ke nan muka ji waƙa a baranda. Mu 'yan Sweden, ranar Lusiya, bikinmu na kyandir da waƙa a lokacin hunturu, ba ƙofar da ba ma buɗewa. Aka banko tamu: sakatariya cikin shigar Lusiya, farar riga da rawanin kyandir a ka, a bayanta masu waƙa da Farfesa Torgny, shugaban sashen, da tiren burodi. Ganin duhu, don kada masu waƙa su yi tuntuɓe, ya kunna fitila.

Allon ya yi fari fat, sannan ya mutu.

"Torgny!" na daka masa tsawa. "Kai fa ka sayo na'urar nan! Ba ka ga jar wutar gargaɗi a ƙofa ba?"

"Haba, Gunvor, sau ɗaya ne fa a shekara," ya ce yana murmushi. "Majken, ɗauki burodi mana, da zafinsa."

Abin da ya fi ƙona min rai, sai da suka kai waƙar ƙarshe. Majken tana tsaye, hannu a aljihu, don a al'adarmu ba a katse waƙar Lusiya. Idon na'urar ya ƙone, naman kuma ya mutu kafin azahar.

A taron mako aka tattauna cikin ladabi, aka amince baɗi za a ƙwanƙwasa ƙofa tukuna. Torgny ya juyo ya tambayi Majken ko hakan ya yi mata.

"Ku tambayi wanda zai kasance a nan baɗi," ta ce.