Rubuta Basir

Mako uku da fitar 'yan bindiga daga garinmu, yayana ya shigo asibitin da nake aikin jinya yana tafiya a karkace. Bakanike ne, mutum mai barkwanci, ko kuka kake sai ya sa ka dariya. Ya ce basir ne ya matsa masa, in taimaka masa da ƙwaya. Na nuna masa kujera, ya ce zama ai na masu ofis ne.

Sai da ya juya zai fita na ga jini a bayan wandonsa. Na rufe ƙofa. Na ce masa shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, na san tafiyar mai basir, wannan ba ita ba ce.

Ya daɗe yana kallon kwalin safar hannu da ke kan tebur. Sannan ya faɗa min a hankali, bai ɗago kai ba. Ranar da 'yan bindigar suka shigo gari sun tsare su a gareji, shi da abokan aikinsa su bakwai, don su gyara musu motoci. Kwana uku. Da aiki ya ƙare, sai suka yi musu irin abin da suka yi wa mata, ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallo.

Mu da muka yi ta murna a gida wai ya dawo ko ƙwarzane babu.

Akwai littafin da muke rubuta waɗanda aka yi wa fyaɗe don a kai rahoto. Mata huɗu ne kacal a ciki, a gari guda. Na jawo shi. Yaya ya ɗora hannu a kai.

"Ƙanwata, rubuta basir. 'Ya'ya mata gare ni, da wane ido zan kalle su?"

Na roƙe shi, na ce ba sai an sa suna ba. Ya tambaye ni bakanike nawa ne a garin. Na ɗauki katinsa na rubuta abin da ya ce.

Washegari likita ya yi masa ɗinki, bai tambayi komai ba. Ya warke, amma bai sake taka garejin ba, a bakin titi yake gyara yanzu. Matarsa har yau ba ta sani ba. Cikin sauran shidan, mai walda ne kaɗai ya zo wurina, shi ma sai da Yaya ya rako shi har ƙofa. Mai faci kuwa ya kwashe iyalinsa ya bar gari, ba wanda ya yi wa sallama.