Layi Biyu a Kuchigoro

Barira mai ƙosai ta yi kwana uku abinci ba ya shiga cikinta saboda zaɓen ciyaman. Ba wani babban zaɓe ba ne. Shugaban sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro ne ya rasu, ana neman wanda zai riƙe makullin famfo, ya raba kayan agaji in an kawo, ya kashe rigimar mata a bakin ruwa. Mutum biyu suka fito. Ɗaya Musbahu, ƙanin mijinta marigayi, mai tura baron rake a Gwarinpa. Ɗayan Obadiah kafinta, Kirista, wanda ya goyi tsohuwar Barira ya haye dutse da ita ranar da suka gudo daga garinsu a Borno.

Zuciyarta na wajen Obadiah. Musbahu ba mugu ba ne, amma makullin ɗakinsa ma bai iya riƙewa ba, sau biyu Obadiah na zuwa ya ɓalle masa kwaɗo. Damuwar ita ce wani mai wa'azi da ya fara zuwa daga cikin gari, saurayi mai agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, ba wanda ya san dalili. Ya ce duk Musulmin da aka gani a bayan wanda ba ya salla, ba a cin abincinsa, ba a bin gawarsa. Christina maƙwabciyarta ta raɗa mata cewa su ma an yi musu kusan irin wannan gargaɗi a bakin coci. Da kaskon ƙosai Barira ke ciyar da 'ya'ya huɗu. In aka gan ta a bayan Obadiah, kasko ya mutu, dangin miji su juya baya. In ta bi Musbahu kuwa, ba ta san da wane ido za ta ƙara kallon kafintan ba.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a filin makaranta. Oga Bernard na ƙungiyar agaji, mutumin Binuwai mai malafa da lasifika, shi aka roƙa ya yi alƙalanci.

"To jama'a, abu ne mai sauƙi," in ji shi. "Musbahu ya tsaya nan, Obadiah ya tsaya can. Kowa ya bi bayan nasa. Layi biyu, mu ƙirga, kowa ya tafi gida."

Ba wanda ya motsa. Wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka a filin jirgi, inuwarsa ta share kawunan mutane kamar hannun uwa, ta tafi. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Oga Bernard ya zaci lasifikar ce ta ƙi aiki, ya bubbuga ta, ya hura, ya maimaita maganarsa da ƙarfi.

Bai san abin da ya faɗa ba. Wata bakwai masu bindiga suka yi suna riƙe da garin mutanen nan, wasunsu daga ƙetaren iyaka, ko harshensu ba a ji. Ranar farko suka tara katunan zaɓe a kasuwa suka cinna wuta, suka ce zaɓe kafirci ne, daga yau babu hakimi, babu kansila. Rana ta biyu suka ce a yi layi biyu, Musulmi nan, Kiristoci can. Layin Kiristoci aka kora bayan gari. Daga ɗayan aka tsame waɗanda suka ƙi yi musu mubaya'a, har da mijin Barira, aka kashe su. Tun daga nan, ko shinkafa ake rabo, layi ɗaya suke yi, dogo, karkatacce, ya zagaye masallaci ya biyo ta bayan coci.

Barira ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta gaban Oga Bernard ba. Ta ɗan rusuna.

"Oga, mu ba ma yin layi biyu. An taɓa sa mu."

Ya dube ta, ya dubi tsohuwar, ya sauke lasifikar a hankali ya cire malafa. Ya tambaya a ƙasa-ƙasa, to yaya za a yi. Barira ta ce ita dai a sami ɗakin da mutum zai shiga shi kaɗai.

Friday mai shagon lemo yana da buhu guda na murafun kwalba, shekara shida yana tarawa, wai wata rana gwamnati za ta neme su. Aka ciyo kansa ya ba da aro, bisa sharaɗin a mayar masa ba ɗaya da ya ɓata. Aka shigar da jarka biyu cikin aji, aka cusa musu tsumma don kada a ji ƙara. Ta Musbahu aka ɗaura mata guntun rake, ta Obadiah guntun katako. Mai agogo biyu ya ce wanda ke neman ɓuya akwai abin da yake ɓoyewa. Tsohon limamin sansanin ya miƙe da sandarsa ya ce shi ma shi kaɗai yake son shiga, ya karɓi murfin farko.

Da layi ya zo kan Barira, ta shiga ta tura ƙyaure. Ajin shiru, a allo an zana kifi mai ƙafafu. Ta yi bisimilla ta saka murfinta a jarkar katako, ta fito tana gyara ɗankwali.

Bayan azahar aka zazzage jarkunan a tabarma. Musbahu casa'in da bakwai, Obadiah ɗari da talatin da huɗu. Kowa ya san Kiristocin da suka isa zaɓe a sansanin tamanin da ɗaya ne. Barira ta lissafa da yatsu a ƙarƙashin mayafi, ta sake lissafawa. Musulmi fiye da hamsin ke nan suka zaɓi Obadiah. Ta bi fuskokin masu sayen ƙosanta da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi kamar bai san zancen ba, wani na sakace, wani na duban sama. Sai ta ji wata irin yunwa ta taso mata.

Musbahu ya je ya ba Obadiah hannu, ya ce amma daga yau rake ba kyauta. Aka yi dariya. Sannan ya nufo ta yana share gumi.

"Yaya Barira, kin ga mutane ko? Ke dai na san ba ki kunyata ni ba."

"Sannu da ƙoƙari, ƙanina," ta ce. "Zo mu je gida, akwai sauran tuwo, ni ma ban ci komai ba."