Tarihinku a Salga Yake

Wata uku da ba ni riƙon ɗakin ajiyar tsofaffin finafinai a Wagadugu, na fara zargin Tsoho Drabo. Shekara arba'in ya yi a wurin, tun yana yawon haska majigi ƙauye-ƙauye. Ya yi ritaya, amma mabuɗi bai bar aljihunsa ba. Ni kuwa abu ɗaya nake nema: fim ɗin tattakin matan kasuwa na zamanin soja, faifai bakwai, ba shi da kwafi ko'ina. Uwata tana cikin matan. An ara mana na'urar kwafa na mako biyu kacal.

Gwangwanayen da ake ajiye faifan a ciki suna nan, da sunan fim ɗin ɓaro-ɓaro a jiki. Na buɗe na farko, na ɗaga wa haske, sai ga wani ƙato da diga yana koya wa ƙauyawa haƙa salga. Haka na biyu, haka har na bakwai.

Raina ya ɓaci. Na sha jin labarin baƙi masu zuwa daga waje suna sayen irin waɗannan a ɓoye, ga shi bara Drabo ya sake kwanon gidansa. Kuma duk sanda na doshi kusurwar baya sai ya raka ni da ido. Na ce biri ya yi kama da mutum.

Shi ɗan ƙabilar Samo ne, ni 'yar ƙabilar Mosi, abokan wasa tun kakanni. Mu zagi juna son rai, ba mai riƙewa. Ta nan na ɓullo masa.

"Bawana, mai cin kare, nawa suka ba ka?"

"Baiwata, yau kuma wa ya taɓo ki?"

"Fim ɗin matan kasuwa nake tambaya."

Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, kamar har yau soja na laɓe. Sannan ya yi dariya. "Ku Mosi ai tarihinku a salga yake. Can za ki neme shi."

Wa yake auna maganar ɗan Samo? Na ce ɓarawo ne ya fake da wasa. A ranar na karɓe mabuɗin daga hannunsa.

Da ya daina zuwa na shiga kusurwar bayan. Warin tsami ya tare ni. Fim in ya fara wannan warin sai ya harbi na kusa da shi, kamar ruɓaɓɓen tumatir a kwando. Gwangwani bakwai ne, an rubuta musu "Haƙa Salga". Ko buɗewa ban yi ba, na kira mai amalanke ya kwashe.

Ran Litinin Drabo ya leƙo, ya zarce kusurwar, ya daɗe a tsaye. Da ya juyo babu wasa a fuskarsa.

"Madam Nikiema, ina suke?"

Bai taɓa kirana da sunana ba.

Ya ce ranar da soja suka aiko a ƙone fim ɗin, shi ya musanya gwangwanayen da na fim ɗin salga, aikin ƙonewar kuma ya shiririce. Tun daga nan bai yarda da kowane sabon shugaba ba, har da ni.

"Amma na faɗa miki."

"Cikin wasa ka faɗa, Baba."

"A ƙasar nan, da can, ta wasa kaɗai ake faɗin irin wannan."

Muka nemo mai amalanke. Gwangwanayen ya kai wa maƙeri, fim ɗin kuma ya ba masu lambu a bakin dam. Mun tarar sun yayyanka shi, sun rataya a igiya saman latas, yana walƙiya yana korar tsuntsaye. Kwana uku ke nan rana tana dukansa.

Muka bi igiya muna tsinka, mai lambu yana mita muna taka masa shuka. Na ɗaga guntu ɗaya. Ga mata cike da titi, ga ludaya a sama, ga ɗankwalaye. Drabo ya matso da nasa guntun.

"Duba min, idona ya tafi. Wacece uwarki a nan?"

Na duba har hawaye ya zubo min. Rana ta cinye fuskokin duka.